Idan Naka Ya Kwanta A Asibiti Bayan Hatsari: Shawarwari Ga Masu Jinya Da 'Yan Dubiya

Ranar da labarin hatsari ya iso gida ba a rasa jama'a. Kafin la'asar ƙofar sashen gaggawa ta cika da dangi, wannan da kula, wancan da fulas, kowa na kiran kowa a waya. Sai dai ƙashi ba ya ɗoruwa a mako guda. Karayar hannu ga babban mutum takan ci mako 6 zuwa 8, ta cinya wata 3 zuwa 6, wanda kuwa ya bugu a kai ko a ƙashin baya lissafinsa daban ne. A makon farko mutane har yawa suke yi. A na biyar sai ka iske mutum ɗaya tal a bakin gado, galibi uwa ko mata ko wani ƙane da bai samu aiki ba, ido ya faɗa, aljihu ya bushe. Yawancin abin da zan faɗa saboda wannan mako na biyar ɗin ne.

1. Ku raba jinya tun daren farko. A yawancin asibitocinmu nas ɗaya na iya riƙe ɗaki guda cikin dare, saboda haka wanka da ciyarwa da kai fo da zirga-zirgar sayen magani duk a wuyan mai jinya suke. Kada a bar wa wanda ya fi kowa tausayi, domin shi ne zai fara faɗuwa. Babban gida ya zauna ya tsara: wane ne na dare, wane ne na rana, gidan wa zai kawo abinci ran Litinin, wa zai riƙe yaran matar da ke kwana a asibiti. A rubuta a tura wa kowa. Wanda ke Legas ko Kwatano ba zai iya kwana ba, to ya ɗauki kuɗin abincin mako. Mai jinya kuma ya samu dare ɗaya ko biyu a mako da zai kwana a kan katifarsa ta gida, ko da ya rantse bai gaji ba.

2. Kuɗi ya zauna a hannun mutum ɗaya, da littafi ɗaya. Duk abin da ɗan dubiya ya tura ƙarƙashin filo, da wanda aka turo ta waya, a rubuta. Duk rasit na magani da hoto da gwaji a zuba a leda ɗaya. Na ga jinya ta ƙare lafiya, mai ƙafa ya miƙe, amma 'yan'uwa biyu sun daina gaisawa a kan inda kuɗin tiyata ya shiga. Ku tambayi likita ƙarara nawa aikin zai ci da ƙarfen da za a saka, don ku san tsawon igiyar da za ku nema. Manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin taimakon marasa ƙarfi, kuma ba a zuwa a same ku, sai kun je. Ma'aikacin da ke da inshorar lafiya a nemo katinsa ranar farko. Direba ko ɗan kasuwa a sanar da ƙungiyarsa. Jihohi irin su Kano da Sakkwato na da hukumar zakka da ake kai wa irin wannan kuka, ba abin kunya ba ne.

Sannan ku san haƙƙinku. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti a Najeriya ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, wata dokar ta 2017 kuma ta wajabta a duba wanda aka harba da bindiga ba tare da an jira takardar 'yan sanda ba.

3. Jini. Karayar cinya kaɗai na iya zubar da fiye da lita guda a cikin naman, ko ɗigo ba a gani a waje ba, kuma yawanci ba a shiga tiyata sai an tanadi jini. Maimakon matasan gida su cika baranda suna danna waya, a kai su ɗakin gwaji. Lafiyayyen da ya kai shekara 18 da kilo 50 zai iya ba da leda ɗaya, wadda ba ta kai rabin lita ba, ya sha ruwa ya ci abinci ya koma harkarsa. Ko jininsa bai dace da na ɗan'uwan ba, ana musanyawa da wanda ke ajiye.

4. Za a zo muku da maganar maɗori. Ba ta wuce kwana uku. Wani kawu zai ja maigida gefe ya ce, "Alhaji, ku sa hannu ku ɗauke shi. Akwai wani a ƙauyenmu, gado ya yi, kwana arba'in yaro zai taka. Nan kuwa yanke ƙafa za su yi." Maganar tana shiga rai saboda an gaji kuma kuɗi ya yi ƙasa, sannan kowa ya san wani da aka ɗora a gida ya warke. Gaskiya ne, karayar da ba ta goce ba sau da yawa tana haɗewa da kanta idan an hana ta motsi, shi ya sa maɗori ke da shaidu. Amma shi ba ya ganin cikin ƙafa. Idan ƙashi ya huda fata, ko ya farfashe, ko karayar ta shiga gaɓa, ko ta taɓa jijiya, wannan ba aikin kara da tsumma ba ne. Likitocin ƙashi a Arewa sun daɗe suna kokawa da yaran da ake kawo musu bayan an ɗaure hannu tam da karan ɗori, jini ya daina gudu, hannun ya yi baƙi ya mutu. A irin wannan lokaci ne ake yankewa, sai labari ya koma gari cewa asibiti sun yanke hannun yaro, ba mai ambaton ɗaurin da ya kashe shi. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano tun 1959 yake wannan aiki, ga asibitocin koyarwa na Shika da Sakkwato da Maiduguri, ga asibitin Galmi a Nijar. Idan hankalinku bai kwanta da maganar likita ɗaya ba, ku ɗauki hoton ƙashin ku nuna wa wani likitan. Kawu kuma a gode masa, a ba shi aikin kawo fura.

5. Ku riƙa juya shi. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowacce arha, ita aka fi sakaci da ita. Wanda ba ya iya motsa kansa, fatar da ke tsakanin ƙashi da katifa tana rasa jini, cikin 'yan kwanaki ta buɗe ta zama gyambo. Gyambon kwanciya kuwa yana iya zaunar da mutum a asibiti bayan karayar ta warke, wani lokaci shi ke yin ajali. Ƙa'idar ita ce a sauya masa kwanciya duk bayan awa 2, dare da rana. Kullum lokacin wanka a duba tsatso da mazaunai da ƙugu da dunduniya da allon kafaɗa da ƙeya. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba. Wurin zai yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi zafi, ko tauri. A sa filo ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta tashi daga katifa. Zanin gado ya zama busasshe, miƙaƙƙe, ba ɓurɓushin biredi ba dunƙulen tsumma. Amma wanda ya bugu a wuya ko gadon baya kada ku juya shi da ka, sai nas ta nuna muku yadda mutum uku ko huɗu ke mirgina shi gaba ɗaya, kai da kafaɗa da ƙugu a layi guda.

6. Akwai abubuwan da ba a jira musu zagayen likitoci na safe. A tashi nas ko ƙarfe biyun dare ne, ko za ta ɓata rai: ciwon da ke ƙaruwa cikin filasta har magani ya kasa kwantar da shi, yatsun da suka yi sanyi ko suka sauya launi ko ya daina jin su, kumburi da zafi a sha-raɓar ƙafa ɗaya, domin jini kan daskare a jijiyar wanda ya daɗe kwance, numfashin da ya sarƙe farat ɗaya ko ciwon ƙirji, zazzaɓi, wari ko mugunya daga rauni, fitsarin da ya tsaya a roba. Ga wanda ya bugu a kai kuma, amai, barcin da ba a iya tashinsa, ko magana ba kan gado. Kowa ya san alkunyarmu: za a tambayi mutum jiki, yana cije leɓe ya ce da sauƙi. Wannan amsar ta 'yan dubiya ce. Likita a gaya masa inda ke ciwo da yadda yake ciwo.

7. Ɗan dubiya kan zo da lemon kwalba da Lucozade har su cika ƙarƙashin gado, alhali jikin da ke gina ƙashi da nama ƙwai yake so, da wake, da kifi, da nama, da nono, da miyar zogale ko alayyahu. Alale da ƙosai da kunun gyaɗa ba su da tsada kuma suna aiki. Wasu tsofaffi za su hana ƙwai ko gyaɗa wai suna sa rauni ya yi ruwa. Ƙwayar cuta ce ke kawo mugunya, ba ƙwai ba. A yawaita ruwa da gwanda da lemon zaƙi, saboda kwanciya da magungunan ciwo masu ƙarfi suna busar da ciki, kuma wanda ke jin nauyin neman fo yakan rage ci da sha da gangan ba tare da ya faɗa ba. Mai ciwon suga a bi abin da likita ya tsara. Idan an ce gobe tiyata kada ya ci komai daga ƙarfe kaza, to ko kurɓin koko ne kada tausayi ya sa a ba shi a ɓoye; yana iya dawowa ya shiga huhu lokacin da aka sa shi barci. Mai shan sigari kuma ga dalilin bari ya samu, don taba na jinkirta haɗewar ƙashi.

8. Ku 'yan dubiya, Allah ya ba da lada, amma a taƙaita. Minti goma ya isa gaisuwa da addu'a. Kada a zauna a kan gado. Wanda aka huda wa ƙwauri da ƙarfe aka rataya masa nauyi a ƙarshen gado, wannan nauyin shi ke riƙe da ƙashin a miƙe. Kada a jingina da shi, kada a ɗaga shi don a samu wurin ajiye kula, kada a bar yaro ya mai da shi lilo. Mai mura ya yi dubiyarsa ta waya. Kada a sa shi maimaita yadda motar ta ƙwace sau ashirin a yini, mai jinya ya ba da labarin a waje. Labarin wane da ya yi irin wannan karayar bai tashi ba, a bar shi a gida. Hoton mutum cikin jini ko rabin tsiraici kuma ba na Facebook ba ne, ko da neman taimako ake, sai da izininsa. Idan kana son dubiyarka ta yi nauyi, ka bari sai ƙafa ta ɗauke ka zo, ka ce wa mai jinya ta je ta yi wanka ta huta, kai za ka zauna.

9. Ku bar dariya ta shigo ɗakin. Wasu na ganin fuskar dubiya dole ta zama ta zaman makoki: a shigo a sunkuyar da kai, a yi ta sannu da murya ƙasa-ƙasa. Mutumin da ya ga irin wannan fuska talatin a yini sai ya fara zargin akwai abin da likita ya gaya musu shi ba a gaya masa ba. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin masu karaya na maza ya san ba haka suke zaune ba. Wanda ya fi daɗewa shi ne ciyaman, shi ke yi wa sabon zuwa bayanin wace nas ce hannunta ba zafi. Kowa da laƙabinsa, wannan Mai Ƙarfe, wancan Direba saboda keken guragu. Ana musun ƙwallo daga gado zuwa gado tsakanin mutanen da ba mai iya taka ƙasa a cikinsu.

Mu kuwa Allah ya hore mana waɗanda aikinsu ke nan tun kaka da kakanni, wato abokan wasa: taubasai, jika da kaka, Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari. A Nijar har UNESCO ta sa wannan al'ada cikin kayan gadon duniya a 2014. Ku nemo su musamman. Bakano ne zai tsaya a kan Bazazzagin da aka naɗe da bandeji ya ce, "Ashe bawan nawa da sauran shan ruwa. Kai da ko jaki bai yarda da kai ba, wa ya aike ka hawa babur?" Na kwance ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Dubi Bakano, ya zo dubiya hannu rabbana. Ko gurasar garinku ba ka iya sayowa ba?" Ko kaka ta dogara sanda ta shigo ta dubi jikanta ta ce, "Wannan wane irin miji ne, wata guda ba cefane? Ka tashi ko in nemi wani." Yaron da ya kwana uku bai ce uffan ba sai ka ji ya ce, "Hajiya, wa zai kwashe ki in ba ni ba?" Abin da wannan wasa ke gaya wa maras lafiya shi ne har yanzu shi ne wane ɗin da aka sani, ba gado mai lamba bakwai ba.

Sai dai da sharaɗi. Shi ke da ikon buɗe ƙofar wasa da rufe ta. Idan ya yi wa dungulmin ƙafarsa ba'a, ku taya shi. Idan bai fara ba, kada wani ya fara masa. Ranar da aka gaya masa labari mai nauyi, ko yana cikin ciwo, ko a gadon kusa ana fama da rai, a adana barkwancin. Wanda aka rasa wani a hatsarin da ya tsira, a bi shi a hankali ƙwarai. Mai karayar haƙarƙari kuma a miƙa masa filo ya rungume kafin a fara, don dariya na yi masa zafi. Filon zai yi masa amfani wajen tari da jan dogon numfashi ma, waɗanda dole ne ya riƙa yi don kada majina ta taru ta zama ciwon huhu.

10. Ku tsare masa mutuncinsa. Magidancin da jiya yake ba da umarni, yau ɗansa ke ɗaga shi a kan fo, wannan ya fi karayar yi masa ciwo. A ja labule ko a kare da zani, a fitar da baƙi, a yi aikin ba tare da yamutsa fuska ba, kuma shi ya zaɓi wanda zai yi masa. Mace a samo mata 'yar'uwa mace, a taje mata kai a yi mata kitso ko kalaba ce. Namiji a kira wanzami. A ci gaba da shawara da shi kan harkar gida, kuɗin makarantar yara da abin da za a shuka bana. Salla kuma ba ta faɗi ba: malamai sun yi bayanin yin ta a zaune ko a kwance da ishara, da taimama ga wanda ruwa zai cutar, da shafa a kan bandeji. A ajiye masa dutsen taimama kusa da filo, a riƙa gaya masa lokaci ya yi.

11. Dare ya fi rana tsawo a asibiti. Wanda ya ga mutuwa da idonsa yakan yi ta mafarkin hatsarin, ya farka a firgice cikin gumi, ko ƙarar mota ta sa gabansa faɗuwa. Wani ya daina magana, wani ya koma faɗa da kowa, musamman wadda ta fi yi masa hidima. A makonnin farko wannan ba baƙon abu ba ne. A yi addu'a, a saurare shi, kada a rufe masa baki da "ka gode wa Allah" duk sanda ya buɗe. Ya gode, tsoro ne bai sake shi ba. Idan abin ya haura wata guda, ko ya ƙi abinci, ko ya fara cewa gara ya mutu, a gaya wa likita a fili. Akwai masu duba wannan, kuma ganinsu ba ya nufin hauka.

Maganin ciwo a sha yadda aka rubuta. Kada a saya masa ƙari a kemis, musamman tramadol. Mutum kan shiga da karaya ya fita da jarabar ƙwaya.

12. Ranar da masu gashin ƙashi suka zo suka ce ya lanƙwasa gwiwa ko ya tashi ya tsaya, zai yi ihu, uwa kuma za ta ce a ƙyale mata ɗa. Hajiya, a yi haƙuri a fita baranda. Gaɓar da ba a motsa ba sandarewa take yi, naman cinya kuma yana zubewa cikin 'yan makonni. Mai jinya ya tsaya ya koyi motsin, don shi zai riƙa sa shi yi sauran yinin. A gefe guda kuma ga mai gaggawa, wanda zai jefar da sanda ya taka ƙafar don ya burge 'yan dubiya. Ƙarfen da aka saka riƙe ƙashi yake kafin ya haɗe, yana iya lanƙwashewa ko ya karye. Sai hoto ya nuna, likita ya ce a taka.

13. Kafin ku naɗe tabarma ranar sallama, mutum ɗaya ya tsaya da biro ya tambaya: wane magani, sau nawa, har yaushe, ina za a riƙa wanke raunin, ranar da za a cire zare, ranar dawowa, ƙafar za ta taɓa ƙasa ko a'a, wace alama ce za ta sa a dawo da shi ba shiri. A karɓi hotunan ƙashi da katin asibiti a adana. A gida kuma a riga shi isa. Mai karayar cinya ko ƙugu ba zai iya tsugunno ba, a tanadi kujerar da aka huda ko masai na zama. A sauko masa da ɗaki idan a bene yake, a ɗaga katifa daga ƙasa, a kwashe tabarmi da wayoyin da sanda za ta harɗe da su, a sa fitila a hanyar banɗaki. Filasta ba ta shiri da ruwa, a naɗe ta da leda lokacin wanka, kuma komai ƙaiƙayi kada a zura tsinke a ciki. Jadawalin nan na lamba ɗaya kada a yage shi, a sake rubuta shi da sunan wanda zai riƙa kai shi gashi da wanda zai biya kuɗin mota.